Maƙerin Gwamnati Tsakanin Talla da Riƙon Asiri



Abin da aka ce in yi magana a kansa yau shi ne halin da kamfanonin ƙera makamai na ƙasar Amurka su ke ciki, watau waɗanda gwamnati ta ke ba kwangilar ƙera mata jiragen yaƙi a ɓoye. Kowa ya sani ɗan kasuwa da bakinsa ya ke ci. Wanda ya kasa kaya ya yi shiru, sai ya kwashe abinsa da yamma. To, ga wani ɗan kasuwa wanda kayansa sun fi na kowa kyau, amma mai sayen ya ce masa, in ka faɗa wa wani ka yi mini wannan aiki, kurkuku za ka. Yaya zai yi? Zan ɗauki kamfani guda in bi tarihinsa, watau Lockheed, wanda tun 1995 a ke kira Lockheed Martin, sa'an nan in taɓo waɗansu kaɗan in da hali.

Da farko ya kamata mu san abin da ya sa irin wannan kamfani ya ke bukatar suna, tun da ya ke ba ni da ku ne za mu sayi jirgin yaƙi ba. Kamfanin ba na mutum ɗaya ba ne, na masu hannun jari ne, su kuwa sai sun ji ana yabon aiki kāna su bar kuɗinsu a ciki. Yana kuma neman samari masu ilmin injiniya, yaro kuwa da ya fito makaranta wurin da ya ji suna zai nufa. Amma babban dalili shi ne Majalisar Dokoki. Kowace shekara ita ke yanke abin da za a kashe kan tsaro, ɗan majalisa kuma yana so ya koma garinsu ya ce, kun ga masana'antar nan da ta ɗauki 'ya'yanku aiki, da ƙuri'ata ta tsaya. Cikin 1971 Lockheed ya kai bakin karyewa, sai da gwamnati ta tsaya masa lamunin dala miliyan 250, a Majalisar Dattawa kuwa ƙuri'a 49 ce ta rinjayi 48. Kamfanin da ransa ya taɓa rataya a kan ƙuri'a guda ba ya wasa da abin da a ke faɗi a kansa.

Sashen Lockheed da ke yin aikin ɓoye an kafa shi cikin 1943 a garin Burbank na jihar Kalifoniya, ƙarƙashin wani injiniya mai suna Clarence Johnson, wanda aka fi sani da Kelly. Ma'aikatan suka laƙaba wa wurin suna Skunk Works, watau ma'aikatar bodari, wannan 'yar dabba mai wari. Aikinsu na fari shi ne jirgin yaƙi marar farfela, suka gama shi cikin kwana 143. Johnson yana da dokokinsa na aiki guda 14, a cikinsu akwai cewa a rage yawan masu hannu a aiki iyakar ragewa, kuma kada a bar baƙo ya leƙo. Shi dai mutum ne da ya ɗauki asiri abin taimako gare shi, domin in ba wanda ya san kana aiki, ba wanda zai zo ya dame ka da takardu da kwamiti.

A ƙarshen 1954 Shugaba Eisenhower ya yarda a ƙera wani jirgi da zai tashi sama ƙafa 70,000 ya ɗauko hoton ƙasar Rasha, inda a lokacin a ke zaton ba makamin da zai kai gare shi. Hukumar leƙen asiri ta CIA ce ta ba da kwangilar, jirgi 20 a kan dala miliyan 22 da rabi. Don kada a gane, cakin farko, na fiye da dala miliyan ɗaya, gidan Johnson aka aika da shi ta gidan waya, ba ofishin kamfani ba. Cikin Agusta 1955 jirgin ya tashi a wani busasshen tafki a hamadar Nebada. Shi ne U-2. Aka gama aikin da sauran canji, kamfani ya yi shi ƙasa da kuɗin da aka yanka. Ku duba fa, jama'a, wannan shi ne irin labarin da kowane kamfani zai so ya buga a shafin farko na kowace jarida, amma ko masu hannun jarinsa bai iya gaya wa ba.

Sai dai jirgi ba allura ba ne da za a soke a hula. Za a kai shi Ingila da Jamus da Turkiyya, mutane za su gan shi. Saboda haka aka shirya masa labari. Ran 7 ga Mayu 1956 hukumar binciken jiragen sama ta gwamnati, wadda daga baya ta zama NASA, ta ba da sanarwa cewa Lockheed ya ƙera wani sabon jirgi don auna yanayin sama da iska. Matuƙan kuwa sojan sama ne, aka sa suka ajiye aikin soja, aka rubuta su a takarda a kan ma'aikatan Lockheed ne. Watau sunan kamfani ya shiga jarida, amma a matsayin mayafi. Wata biyu bayan sanarwar, ran 4 ga Yuli 1956, jirgin auna iska ya ratsa sararin Rasha karo na fari.

Shekara huɗu ana haka. Ran 1 ga Mayu 1960 Francis Gary Powers ya tashi daga Peshawar ta Pakistan zai ratsa Rasha ya sauka a Norwe, aka harbo shi kusa da Sverdlovsk. Mahukuntan Amurka suka ɗauka ya mutu, jirgin kuma ya ragargaje. Sai NASA ta fito ta ce wani jirginta na auna iska ya ɓace a wajen Turkiyya, matuƙinsa farar hula ne, ma'aikacin Lockheed, ya kuma yi kukan iskar shaƙa ta yanke masa. Har aka shafa wa wani U-2 fenti da alamar NASA aka nuna wa 'yan jarida. Khrushchev ya yi shiru ya bar su suka gama zuba, sa'an nan ran 7 ga wata ya tashi a majalisarsu ya ce matuƙi yana hannu da ransa, ga kuma hotunan da ya ɗauka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Eisenhower ya amsa da bakinsa cewa da saninsa a ke yi, taron manyan ƙasashe huɗu da aka shirya a Faris kuma ya watse a tsakiyar watan.

Abin da na ke so ku riƙe daga wannan labari shi ne, Rashawa sun san da jirgin tun tashinsa na farko, domin na'urarsu ta hango jirage ta gan shi, har sun kai kuka ga Amurka a rubuce cikin Yulin 1956. Ashe waɗanda aka ɓoye wa shekara huɗun nan su ne mutanen Amurka da suka biya kuɗin. Lockheed kuwa ya wayi gari duniya duka ta san sunansa, ba ta hanyar da shi ya zaɓa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ga yadda dokar ta ke a yau. Kamfanin da ya karɓi kwangilar asiri akan haɗa masa da takarda wadda ta zayyana abin da ke asiri da matakinsa, domin asirin gwamnatin Amurka hawa uku ne, a bisansu kuma akwai waɗansu ayyuka da ko mai izinin hawa na uku ba ya shiga sai an rubuta sunansa musamman. Waɗansu daga cikinsu ko amsa cewa akwai su ba a yi, su a ke kira baƙaƙen ayyuka. Har labarin da ba asiri ba ne, in dai ya shafi kwangilar, kamfani ba ya sakinsa sai jami'in gwamnati mai kula da kwangilar ya yarda a rubuce. Saboda haka ma'aikacin watsa labarai na irin wannan kamfani maroƙi ne da aka ɗaure wa baki. Ya rubuta sanarwa, ya aika, a soke rabi, a dawo masa da ita bayan labarin ya huce. Sau da yawa ma shi kansa bai san abin da a ke ƙerawa a bayan katangar da ya ke wucewa kullum ba. Har ila yau doka ta hana kamfani ya ɗora kuɗin tallan yabon kai a kan kwangilar gwamnati, sai irin tallan neman ma'aikata. Wannan kuwa yana da asali. Eisenhower, a jawabinsa na ban kwana ran 17 ga Janairu 1961, ya gargaɗi mutanensa game da ƙawancen soja da masu ƙera makamai, kashegari kuma ya yi wa 'yan jarida ƙorafi cewa mujallar da ka buɗe duk sai ka ga tallan makami mai linzami, har abin yana neman shiga zukatan mutane.

To, in kamfani ba shi da ikon buɗe baki, wa ke da shi, kuma yaushe ya kan buɗe? A nan ne, a ganina, maganar ta ke.

Bayan U-2 sai Johnson ya ƙera wa CIA wani jirgi mai gudun da ya ninka na sauti sau uku. Saboda zafin da gudun ke jawowa sai da ƙarfen titaniyam, mafi yawansa kuwa a Rasha ya ke, aka kafa kamfanonin ƙarya a waɗansu ƙasashe aka sayo shi daga hannun waɗanda za a leƙa. Jirgin ya tashi cikin Afrilu 1962, aka riƙe asirinsa kusan shekara biyu. Ran 29 ga Fabrairu 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya tara 'yan jarida ya ce Amurka tana da wani jirgi wai shi A-11, mai gudun fiye da mil 2,000 a sa'a, ana gwada shi a sansanin Edwards. Sunan ba daidai ba ne, da gangan aka sauya shi. Jirgin da aka nuna kuma ɗan'uwan na CIA ne, wanda aka yi wa sojan sama, na CIA ɗin ya ci gaba da zama a ɓoye shekaru da yawa. A sansanin Edwards ma babu ko ɗaya a lokacin, sai aka taso da biyu a gaggauce daga Nebada don maganar Shugaba ta zama gaskiya. Da aka tura su rumfa da zafinsu, sai na'urar kashe gobara ta ɗauka wuta ce, ta sheƙa wa masu taryen ruwa.

Akwai dalilai na gaskiya da suka sa aka fito da shi, domin matuƙan jiragen fasinja sun fara hangensa, ɓoyon yana ƙara wuya. Amma kada mu manta 1964 shekarar zaɓe ce, abokin takara Barry Goldwater kuma yana zargin gwamnati da sakaci wajen sababbin makamai. Cikin Yuli Shugaba ya sake fitowa ya ba da labarin SR-71, alhali kuwa jirgin bai taɓa tashi ba, sai cikin Disamba ya tashi. Abin da in injiniya ya faɗa a gidan giya za a ɗaure shi, shi ne Shugaba ya faɗa a gaban duniya aka tafa masa. Lockheed dai ya ci riba. A shekarar nan aka ba Kelly Johnson kofin Collier, wanda ya fi kowane daraja a sha'anin jiragen sama a Amurka, ran 1 ga Satumba 1974 kuma SR-71 ya ratsa daga sararin New York zuwa na London cikin sa'a ɗaya da minti 55 ba kaɗan, aka ajiye shi a bikin nunin jirage na Farnborough kowa ya kewaya ya gani.

Amma asirin yana da cizo, ga misali. Wajen 1974 hukumar binciken makamai ta Ma'aikatar Tsaro ta gayyaci kamfani biyar su yi nazarin jirgin da na'urar hango jirage ba za ta gan shi ba, mu ce jirgi mai layar zana. Ba a gayyaci Lockheed ba, wai ya daɗe bai ƙera jirgin faɗa ba. Alhali kuwa ba kamfanin da ya kai shi sanin wannan fanni, domin ya yi aikin a jirgin CIA tun shekara goma da suka wuce, sai dai masu gayyatar ba su sani ba, asirin ya ɓoye aikin har ga ita gwamnatin. Sai da aka roƙi CIA izini kāna aka nuna musu, aka shigar da Lockheed gasar a kan kwangilar dala ɗaya. Ya kuwa ci. Wani abin dariya, lissafin da ya buɗe musu hanya wani masani ne na Rasha, Pyotr Ufimtsev, ya buga shi a fili a Mosko cikin 1962, hukumar ƙasarsa ba ta ga abin ɓoyewa a ciki ba, sojan saman Amurka suka fassara shi cikin 1971.

A daidai wannan lokaci sunan Lockheed yana cikin taɓo. Cikin 1975 da 1976 wani kwamitin Majalisar Dattawa ya tono cewa kamfanin ya raba miliyoyin daloli na toshiyar baki a ƙasashen waje don a sayi jiragensa. A Japan aka kama tsohon Firayim Minista Tanaka, a Holan mijin Sarauniya ya sauka daga muƙamansa, har sunan Nijeriya ya fito a kan cinikin jiragen Hercules. Abin kunyarsa yana cikin kowace jarida, abin alfaharinsa yana kulle a hamada.

Jirgin gwaji ya tashi cikin Disamba 1977. Cikin Agusta 1980, wata shekarar zaɓen, ana zargin Shugaba Carter da raunana tsaro saboda ya soke jirgin B-1, sai Sakataren Tsaro Harold Brown ya tara 'yan jarida ya tabbatar cewa Amurka ta gano hanyar ɓoye jirgi daga na'ura. Ya ce labarin ya riga ya fara yoyo ne shi ya sa. 'Yan hamayya suka ce ƙarya ne, ƙuri'a a ke nema da asirin ƙasa. Da su kuma suka hau cikin 1981 sai suka mai da ƙofa suka rufe ruf. Jirgin F-117 ya tashi cikin Yuni 1981, ya shiga aiki cikin 1983, shekara biyar ba ya tashi sai da dare, matuƙansa ko matansu ba su san abin da su ke tuƙawa ba.

Shekarar 1986 ita ce ta nuna iyakar abin. Wani kamfanin kayan wasan yara mai suna Testors ya ƙaga siffar jirgin da ka, ya sa masa suna F-19, ya sayar da dubbai, ko kama da na gaskiyar bai yi ba. Cikin Yuli ɗaya daga cikin jiragen na gaskiya ya faɗi kusa da Bakersfield, matuƙin ya mutu, soja suka kewaye wurin da bindigogi, suka ƙi faɗin ko wane irin jirgi ne. A watan nan kuma kwamitin John Dingell na Majalisar Wakilai ya kira shugaban Lockheed ya zo ya yi bayanin takardun asiri fiye da dubu da aka nema aka rasa a Burbank. Ku auna wannan zama: ana tuhumar mutum da sakaci da takardun wani aiki wanda doka ta hana shi ya amsa cewa akwai shi, wani ɗan majalisa kuma yana ɗaga jirgin wasan yara a gabansa. Bayan haka ma'aikata da dama na Burbank suka kai ƙara kotu, suna cewa magungunan da su ke aiki da su sun sa musu ciwo, waɗansunsu kuma suka ce rantsuwar riƙon asiri ta hana su gaya wa likita abin da su ke taɓawa.

Sai ran 10 ga Nuwamba 1988, kwana biyu bayan zaɓe, kakakin Ma'aikatar Tsaro ya ɗaga wani hoto guda, dishi-dishi, ya ce ga shi, akwai shi. Dalili kuwa soja suna bukatar su fara tashi da rana. Shekara guda bayan haka Ben Rich, magajin Johnson, da mutanensa suka sami nasu kofin Collier.

Kwana goma sha biyu bayan wancan hoto, kamfanin Northrop ya yi bikin fito da nasa jirgin, B-2, a Palmdale. Aka jera baƙi a gaba, aka hana kowa zagayawa baya, domin siffar bayan jirgin ita ce a ke ɓoyo. Aka tsare ƙasa, aka manta da sama. Wani ma'aikacin mujallar Aviation Week ya hau ɗan ƙaramin jirgi da mai ɗaukar hoto, suka bi ta bisa taron suka ɗauki abinsu, ba su kuwa karya wata doka ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce riƙon asiri banza ne. Yadda aka lanƙwasa fiffike, da abin da aka shafa wa jikin jirgi, da nisan da na'ura ke iya hango shi, waɗannan in suka fita ran matuƙi ne a bakinsu, kamfanin da ya sayar da su don neman suna kuwa ya ci amana. F-117 ya shiga sararin Bagadaza cikin 1991 ya fita ba a harbo ko ɗaya ba, shirun shekarun nan yana da hannu a ciki. Amma akwai wani asirin dabam wanda ya kan shiga rigar wannan ya ɓuya, watau nawa aka kashe, an makara ko ba a makara ba, wa ya ji ciwo. Wannan ba ya ƙara wa abokin gaba komai, mai biyan haraji kaɗai ya ke rufe wa ido. A nan kuwa kamfani da ma'aikatar gwamnati ba sa jayayya, bakinsu ɗaya, domin shirun ya yi wa kowannensu daɗi.

Ga shaida. Cikin Janairu 1988 sojan ruwa suka ba McDonnell Douglas da General Dynamics kwangilar wani jirgi mai layar zana da a ke kira Avenger, aka sa shi cikin ayyukan da ba kowa ke leƙawa ba. Cikin Afrilu 1990 Sakataren Tsaro Dick Cheney ya gaya wa Majalisa aiki yana tafiya daidai, domin abin da aka gaya masa ke nan. Ba a jima ba ta bayyana an makara fiye da shekara, jirgin ya yi nauyi, kuɗi ya haura da aƙalla dala miliyan 1,000. Masu bincike suka ce tsananin ɓoyon yana cikin abin da ya hana masu duba aiki su gani da wuri. Ran 7 ga Janairu 1991 Cheney ya soke kwangilar, bayan an kashe dala miliyan dubbai ba jirgi ko ɗaya da ya tashi. Aka shiga shari'a, ta kai Kotun Ƙoli cikin 2011, a can ma gwamnati ta ce akwai hujjojin da ba za a iya buɗewa ba don asirin ƙasa ne. Sai cikin 2014 aka sasanta, shekara 23 ke nan. Umurnin Shugaban Ƙasa na 2009 mai tsara sha'anin asiri ya faɗa a fili cewa ba a sa wa abu hatimin asiri don a rufe karya doka, ko rashin iya aiki, ko don kada wani ya ji kunya. Rubutun yana da kyau, amma wanda zai ce an saɓa shi sai ya ga takardar tukuna, takardar kuwa tana kulle.

Kamfanonin kuma sun koyi wayo, sun gane mayafin kansa abin talla ne. Sunan Skunk Works da hoton bodarin yanzu tambari ne mai rajista, ana buga shi a riga da hula. Cikin 2015, ana tsakiyar takarar kwangilar sabon jirgin jefa bom, Northrop Grumman ya sayi lokaci a talabijin ran babban wasan ƙwallon Amurka, ya nuna jiragensa na dā ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ya nuna wani abu lulluɓe da zane. Bai faɗi komai ba, bai karya doka ba, amma kowa a Washington ya ji saƙon. Cikin Oktoba ya ci kwangilar. Sanata John McCain ya nemi a faɗa wa jama'a kuɗin kwangilar, sojan sama suka ce daga kuɗin abokin gaba zai iya lissafa nauyin jirgin da abin da zai ɗauka, kwamitinsa kuma ya ƙi goyon bayansa cikin 2016. Ran 2 ga Disamba 2022 aka yi bikin nuna jirgin, B-21, a Palmdale ɗin nan dai. Wannan karo da duhu aka yi, aka jawo shi bakin rumfa kawai, bayansa yana ciki. An koyi darasin 1988.

Masu hannun jari fa? Doka ta tilasta wa kamfani ya gaya musu gaskiyar ribarsa da hasararsa, wata ƙa'ida kuma ta yarda ya tsallake abin da ke asirin gwamnati. Saboda haka cikin Janairu 2025 Lockheed Martin ya sanar cewa a shekarar 2024 ya yi hasarar kusan dala miliyan 2,000 a kan ayyukan asiri, cikin Yuli 2025 kuma ya ƙara da wata dala miliyan 950 a kan aiki guda na sashen jiragen sama. Masu jari suka yi ta tambaya a wurin taro, shugabannin kamfani suka ce aikin muhimmi ne ƙwarai ga tsaron ƙasa, kuma zai yi riba nan gaba. Mene ne aikin, ba su faɗa ba, ba su kuwa da ikon faɗa. Farashin hannun jarin ya faɗi a ranar.

Malam Shugaba, na ga lokacina ya cika. In akwai mai tambaya, ga ni.